Iyakar da Ake Gada: Tarihin Megabayit 8 da ke Ƙarƙashin Rumbun Bayanai

Duk wanda ya shiga sabar da ke aiki da Linux ya rubuta umarnin `ulimit -s`, mafi yawan lokuta amsa ɗaya zai gani: 8192. Lissafin na kilobayit ne, wato megabayit 8. A na'urar da ma'adanarta ta kai ɗaruruwan gigabayit, wannan adadi bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, shi ne ke ƙayyade zurfin da manhaja za ta iya nutsawa cikin aikinta kafin a tsayar da ita da ƙarfi. Idan manhajar rumbun bayanai ce, irin wadda banki ko asibiti ko hukumar jarrabawa ke ajiye komai nasu a ciki, tsayawar tana iya katse aikin duk wanda ke haɗe da ita a wannan lokaci.

Masu kula da sabobi sun san yadda abin yake farawa. Rumbun ya ƙi wata tambaya, ya ce an wuce iyakar zurfin sitak. Mai kula ya gyara wani fayil, ya sake kunna rumbun, ya tarar ba abin da ya canza. Dalilin wannan taurin kai yana cikin tarihi: iyakar gadonta ake yi, kuma a cikin shekaru arba'in da suka wuce an sauya wanda ake gāda fiye da sau ɗaya.

Binnewa da tonewa

Manhaja tarin ƙananan ayyuka ce da ke kiran juna. Wannan ya kira wancan, wancan ya kira na uku, kuma kowanne idan ya gama dole ya koma daidai inda aka kira shi. Tambayar da ta dami magina kwamfutocin farko ita ce inda za a rubuta adireshin komawa.

A farkon shekarar 1946 Alan Turing ya gabatar wa Cibiyar Binciken Kimiyyar Lissafi da Awo ta Ƙasa da ke Teddington a Ingila tsarin wata na'ura mai suna ACE. A cikin tsarin ya tanadi umarni biyu da ya ba su sunayen da ke nufin binnewa da tonewa: kafin a shiga ƙaramin aiki a binne adireshin komawa, idan an gama a tono na ƙarshe da aka binne. Bayan kusan shekaru goma, Friedrich Bauer da Klaus Samelson a birnin Munik na Jamus suka isa ga wannan dabara ta tasu hanyar, suka kira ta ƙa'idar ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, suka nemi rajistar mallakarta a 1957. Siffar abin kamar kwanukan da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya ne: na ƙarshe da aka ɗora shi ake fara saukewa. Wannan shi ne sitak.

Ba kowa ne ya karɓi dabarar nan take ba. Harshen FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, bai yarda aiki ya kira kansa ba, domin kowane ƙaramin aiki gurbi ɗaya tak yake da shi na ajiye adireshin komawa. Kira na biyu zai shafe na farko. Sai a ƙa'idar Fortran 90 aka halatta kiran kai a hukumance. Harshen ALGOL 60 kuwa ya halatta shi tun daga tushe, kuma a watan Agusta na 1960 Edsger Dijkstra da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar fassara shi a birnin Amsterdam, a kan na'urar Electrologica X1, bisa dogaro da sitak. Kowane kira yana samun nasa gurbin, ɗauke da adireshin komawa da 'yan bayanan da yake aiki da su.

Wannan sauƙi ya zo da nasa haɗarin. A tsarin FORTRAN, tun kafin a kunna manhaja an san iyakar wurin da za ta ci. A tsarin sitak, zurfin ya danganta da abin da aka ba manhajar ta sarrafa. Aikin da ke kiran kansa ba tare da sharaɗin tsayawa ba zai yi ta ɗora kwano bisa kwano har wuri ya ƙare.

Da bango ya rushe, aka shata iyaka

A Unix na farko wuri ba ya jimawa bai ƙare ba. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara tsarin a 1969 a dakunan binciken Bell da ke Amurka, suka mayar da shi kan na'urar PDP-11 a farkon shekarun 1970. Adireshin wannan na'ura mai bit 16 ne, don haka abin da manhaja ke iya gani a lokaci guda kilobayit 64 ne. An zauna da bayanai a ƙasan wannan fili suna girma zuwa sama, an zauna da sitak a samansa yana girma zuwa ƙasa. Idan manhaja ta haukace, nan da nan ɓangarorin biyu za su cinye filin, a kashe ta, sauran masu amfani da na'urar su ci gaba da harkarsu. Ƙarancin wuri shi ne mai gadi.

Zuwan VAX a 1977, da adireshinsa mai bit 32, ya faɗaɗa filin zuwa gigabayit 4. A 1979 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka fitar da 3BSD, Unix ɗin da ke iya ba manhaja filin da ya fi ainihin ma'adanar na'ura girma, ta hanyar aron wuri a faifai. Daga nan kuskuren ɗalibi guda a na'urar da gomman mutane ke rabawa ya isa ya durƙusar da kowa, domin sitak ɗinsa zai yi ta cin ma'adana ba tare da ya ci karo da bango ba.

Maganin da Berkeley ta kawo ya daidaita a 4.2BSD na shekarar 1983, cikin kira biyu masu suna `getrlimit` da `setrlimit`. Kowane aiki mai gudana aka ba shi jerin iyakoki: na lokacin sarrafawa, na girman fayil, na bayanai, na sitak. Kowace iyaka kuma hawa biyu ce. Akwai mai sassauci, wadda ita ce kanel, wato zuciyar tsarin, ke aiwatarwa, kuma aikin da kansa yana iya ɗaga ta ko sauke ta. Akwai mai tsauri, wadda rufi ce ga ta farkon. Kowa na iya sauke tasa, amma babban mai kula kaɗai ke iya ɗagawa.

Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowacce tasiri. A Unix kowane aiki wani aiki ne ya haife shi, kuma ɗan yana tashi da kwafin iyakokin mahaifinsa. Gadon daga sama yake gangarowa, ba ya hawa. Shi ya sa `ulimit` ba manhaja ce mai zaman kanta ba, an gina shi ne cikin manhajar karɓar umarni: da manhaja ce daban, sai ta canza iyakar kanta kawai ta mutu, ta bar mahaifinta yadda ta same shi. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ya ɗauki wannan tsari gaba ɗayansa, ya tsayar da iyaka mai sassauci ta sitak a megabayit 8.

Rumbun da ya koyi auna kansa

Rumbun bayanai yana cikin manhajojin da suka fi yawan kiran kai. Tambayar SQL idan ta iso, ana warware ta zuwa siffar bishiya, reshe cikin reshe, kuma hanyar da ta fi sauƙi ta bin bishiya ita ce aiki ya kira kansa a kan kowane reshe. Tambayar da mutum ya rubuta da hannu ba ta cika zurfi ba. Wadda wata manhaja ta harhaɗa, mai dubban sharuɗɗa cikin juna, tana iya nutsawa sosai. Akwai kuma umarnin da ake ɗanawa a kan teburi kamar tarko, ya tashi da kansa duk lokacin da aka canza wani layi. Idan tarkon ya canza teburin da aka ɗana shi a kai, zai sake tayar da kansa, haka nan ba iyaka.

PostgreSQL misali ne mai kyau, domin shi ma ɗan Berkeley ne. Michael Stonebraker ya fara aikin POSTGRES a can a 1986. Andrew Yu da Jolly Chen suka saka masa SQL a tsakiyar shekarun 1990. A 1996 ya karɓi sunansa na yanzu. Tsarinsa shi ne uwar manhaja ta haifi aiki guda ga kowane mai haɗuwa, dukkansu kuma suna tarayya a wani yanki na ma'adana. Idan ɗaya daga cikinsu ya ƙetare iyakar sitak, kanel zai kashe shi da sigina mai lamba 11. Uwar ba ta da hanyar sanin ko mamacin ya bar ɓarna a yankin tarayya, don haka sai ta sallami dukkan sauran, ta sake gina yankin, ta bi kundin canje-canje ta mayar da rumbun daidai. Abin da aka riga aka tabbatar ba ya ɓata, amma duk cinikin da ke tsaka da gudana ya rushe, duk mai haɗe ya katse. Tambaya ɗaya ta mutum ɗaya ta isa ta jawo wannan.

Matakin farko da masu gina shi suka ɗauka shi ne ƙirga hawan rassan tambaya, da wani saiti mai suna `max_expr_depth`. Ƙirgar ba ta wadatar ba, domin ba kowane hawa ne ke cin wuri daidai da ɗan'uwansa ba, kuma ba ta ganin tarkon da ke tayar da kansa. A fitowa ta 8.0, cikin watan Janairu na 2005, aka maye gurbinsa da `max_stack_depth`. Sabuwar dabarar awo ce kai tsaye: a wuraren da ake yawan kiran kai, rumbun yana duba tazarar da ke tsakanin gindin sitak da inda yake a yanzu. Idan tazarar ta wuce abin da aka saita, wanda a asali megabayit 2 ne, sai ya soke wannan tambaya kaɗai, ya mayar da kuskure mai lamba 54001, kowa ya ci gaba da aikinsa.

Ta haka iyakoki suka zama biyu, ɗaya cikin ɗaya: ta rumbun, wadda ke soke tambaya cikin lalama, da ta kanel, wadda ke kisa. Amfanin ta cikin yana nan muddin ana isa gare ta kafin ta wajen. Littafin jagorar PostgreSQL yana ba da shawarar a bar tazarar kamar megabayit 1 tsakaninsu, domin ba a kowane lungu ake yin awon ba. Daga baya aka koya wa rumbun ya tambayi kanel da `getrlimit`, ya ƙi duk saitin da bai bar aƙalla kilobayit 512 ba. Wannan ne asalin adadin 7680 da masu kula ke cin karo da shi: 8192 ne aka cire 512. Darasin da ke ciki shi ne, daga megabayit 2 zuwa 7 akwai fili mai yawa da ake iya amfani da shi ba tare da an taɓa kanel ba. Sai wanda ke buƙatar fiye da haka ne zai nemi ɗaga iyakar waje.

Sauran rumbuna sun bi wasu hanyoyi. MySQL yana ba kowane mai haɗuwa zare ne a cikin aiki guda, kuma yana yanka wa kowane zare sitak ɗinsa da saitin `thread_stack`, wanda a jerin fitowa ta 5.7 kilobayit 256 ne a na'urori masu bit 64. Oracle kuwa ya daɗe yana umartar masu girka shi a Linux da su saita iyaka mai sassauci a kilobayit 10240, mai tsauri a 32768. Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san irin ginin rumbun da ake hulɗa da shi.

Mahaifin ya canza

Tun da iyakar gado ce, ɗaga ta na nufin gano mahaifin rumbun. A tsohon tsarin tayar da sabar, wanda Linux ya aro daga System V, kowace hidima tana da rubutaccen jerin umarni a `/etc/init.d`. Mai kula yana iya saka layin `ulimit -s` a farkon jerin, rumbun ya gaje shi. Hanyar tana aiki, amma tana da rami. Idan mai kula ya sake kunna rumbun da hannunsa, rumbun yana iya gadon iyakokin zaman da mai kulan yake ciki. Komai zai tafi lafiya har ranar da wuta ta ɗauke sabar ta tashi da kanta. A ranar mahaifin wani ne daban, iyakar ta koma yadda take, kuskuren da aka manta da shi ya dawo.

A 1995 injiniyoyin Sun Microsystems suka gabatar da PAM, tsarin tantance masu shiga kwamfuta. Linux ya karɓe shi, tare da wani sashe da ke karanta fayil ɗin `/etc/security/limits.conf` ya ɗora wa mutum iyakokinsa a lokacin da ya shiga. Da yake wasu jerin umarnin tayarwa suna bi ta ƙofar PAM idan za su sauya zuwa asusun rumbun, wannan fayil ya yi shekaru yana aiki ga hidimomi da yawa, har ya zauna a zukatan masu kula a matsayin wurin da ake gyara iyaka.

A ƙarshen watan Afrilu na 2010 Lennart Poettering ya sanar da systemd, wanda ya gina tare da Kay Sievers. Fedora 15 ta fara amfani da shi a 2011, Red Hat Enterprise Linux 7 ta biyo baya a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka shiga a 2015. A sabon tsarin, aiki mai lamba 1 shi ke haifar kowace hidima, ko da mutum ne ya ba da umarnin kunnawa. Ramin farko ya toshe: sakamakon kunnawa da hannu da na tashi da kai ya zama ɗaya. Sai dai hidimar ba ta bi ta ƙofar shiga, don haka `limits.conf` ba ya shafar ta. Miliyoyin sabobi sun sauya mahaifi cikin 'yan shekaru, tsofaffin jagorori kuma suka ci gaba da nuna tsohon gida.

Wurin gyara a yau shi ne fayil ɗin hidimar, da layin `LimitSTACK=`, wanda ake ƙarawa ta umarnin `systemctl edit` domin kada sabunta manhaja ya shafe shi, sannan a sake kunna rumbun. A Debian da Ubuntu akwai ƙarin tarko: hidimar da ake kira `postgresql.service` inuwa ce kawai, ainihin rumbun yana gudana ne ƙarƙashin `postgresql@.service`, can ne gyaran zai yi tasiri. Idan kuma rumbun yana cikin kwantenar Docker, mahaifin ya sake canzawa, kuma ta zaɓin `--ulimit` ake isar da iyakar. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce a dukkan waɗannan: tun daga Linux 2.6.24 na shekarar 2008, kowane aiki mai gudana yana da fayil mai suna `limits` a ƙarƙashin lambarsa cikin `/proc`. Abin da aka rubuta a can shi ne abin da rumbun ya gada a zahiri. Sai an ga sabon adadin a wurin ne ya dace a ɗaga `max_stack_depth`.

Abin da cire iyaka ke jawowa

Ɗaga iyakar daga megabayit 8 zuwa 16 ko 32 ba shi da tsada, domin kanel ba ya ba da ma'adana sai an taɓa ta. Wannan ya sa wasu ke ganin gara a cire ta ɗungurungum. Tarihi ya nuna dalilai uku na yin hattara.

Na farko shi ne wanda ya sa aka shata ta a 1983. Idan matsalar tarko ne mai tayar da kansa, babu adadin da zai ishe shi. Ƙarin wuri jinkirta kuskuren kawai yake yi, kuma idan babu iyaka ko kaɗan, aikin zai yi ta ci har ma'adanar sabar ta ƙare, kanel ya fara zaɓen wanda zai kashe.

Na biyu ya shafi manhajoji masu zare. A laburaren glibc, girman sitak ɗin sabon zare, idan manhaja ba ta faɗi nata ba, ana ɗauko shi ne daga iyaka mai sassauci. Wanda ya ɗaga ta sosai ya ɗaga wa kowane zare. Wanda kuma ya cire ta gaba ɗaya zai sha mamaki: laburaren zai koma wani adadi nasa, megabayit 2 a na'urorin x86 masu bit 64, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake da shi tun farko.

Na uku tsaro ne. A ƙarƙashin sitak ana barin wani ɗan fili da ba a taɓawa, domin duk wanda ya faɗa cikinsa a gane ya ƙetare. A watan Yuni na 2017 kamfanin tsaro na Qualys ya nuna cewa wannan fili, mai shafi ɗaya na kilobayit 4, ana iya tsallake shi a dira cikin wani yankin ma'adana, har maharin ya ƙwace ikon babban mai kula. An san raunin da suna Stack Clash, kuma ya shafi Linux da wasu dangin Unix. Linux ya faɗaɗa filin zuwa shafi 256, wato megabayit 1, manhajar fassara ta GCC kuma ta sami zaɓin da ke sa a taka kowane shafi bi da bi yayin da sitak ke girma. Abin da ya faru ya tuna wa kowa cewa gefen sitak kan iyaka ne da ake tsaro.

Saboda haka gogaggun masu kula suna bin tsari guda idan kuskure mai lamba 54001 ya bayyana. Suna fara duba tambayar, ko zurfinta na gaskiya ne ko kuwa zagaye take yi. Idan na gaskiya ne, su yi amfani da filin da ke ƙasa da 7680. Idan bai isa ba, su nemo mahaifin rumbun, su ɗaga iyakar kanel zuwa adadi sananne, su tabbatar a `/proc`, sannan su ɗaga ta rumbun tare da barin tazara. Daga ƙarshe su rubuta dalilin gyaran a cikin fayil ɗin, da ranar da aka yi shi, domin wanda zai gaji sabar ya san abin da ya gada.